Farin Gawayin da Ba Ya Hayaƙi

Tun da na dawo kun hana ni sakat. Wannan ta ce in turo hoton ƙanƙara, waccan ta ce ina tsarabarta, Ladi kuwa har shago ta same ni tana rage murya, wai da gaske ne Yaya Ishaku yana kurkuku. Ba ya kurkuku. Ƙanƙara ma ban gani ba, ruwa ne kawai yake ta yayyafi daga safe har yamma. Zan rubuta sau ɗaya a nan, kowa ta karanta, kada wata ta ƙara tare ni a ƙofar coci.

Don waɗanda ba su san gidanmu sosai ba, mu biyu ne a wurin Mama, Yaya Ishaku da ni. Mama masara take gasawa a bakin titi nan Jos tun kafin a haife ni. Da wannan kaskon ta kai Yaya jami'a, daga nan ya samu ya wuce Ingila ƙaro karatun kwamfuta. Ni a sakandare na tsaya, na kama ɗinki. Shekararsa biyar a can. In ya kira, Mama ta tambaye shi aiki, amsarsa ɗaya ce: "Ofis lafiya, Mama."

Bayan sabuwar shekara Anti Saratu ta kira. 'Yar uwar Mama ce, tana Manchester da mijinta. Ta ce an tsinci Ishaku a ɗakinsa a Birmingham bai san inda kansa yake ba, ya kunna gawayi a ɗaki kuma ko'ina a rufe. Yana da rai. Amma likitoci sun ƙi sallamarsa, suna zargin da gangan ya yi, kuma suna so su ji daga bakin wani na gida.

Mama ta ce, "Gawayi? Me ya haɗa mai ofis da gawayi?"

Ita ba ta da fasfo, ga hawan jini, don haka ni aka tura. Matan zumunta suka taimaka, asibitin ya bayar da takarda, muka yi sati huɗu muna jiran biza. Ranar tafiya Mama ta riƙe hannuna a tasha har ya yi mini zafi. Ta ce, "Ki je ki gaya musu ɗana ba haka yake ba. Ki taho mini da shi."

Motarmu ta mutu bayan Akwanga. Direba ya shige ƙarƙashinta awa biyu yana zagin wani makanike da ba ya wurin. Wani dattijo a kujerar gaba da ya ji inda za ni, ya ce in gaishe masa da ɗansa a Landan, bai ba ni suna ba balle lamba. Na isa Abuja ƙafata a kumbure. Jirgi kuma ba ni da abin da zan ba ku labari sai toshewar kunne. An kawo mini abinci a ɗan faranti mai murfi kamar na majinyaci, mun sauka a wata ƙasa mun canza jirgi, na yi awa biyar a kan kujerar ƙarfe ina rungume da jaka.

A Manchester layinmu ya fi kowanne tsawo, kuma ya fi kowanne shiru. Wata Baturiya ce ta karɓi fasfona.

"Me ya kawo ki?"

"Yayana yana asibiti."

"Me ya same shi?"

"Abin da na zo in ji ke nan."

Ta ɗago ta dube ni, ta sake duba takardar asibiti, ta miƙo mini kayana. Gaba kaɗan masu bincike suka buɗe jakata. Kilishin da Mama ta saya wa Yaya suka ɗaga da yatsa biyu suka jefa a kwandon shara ina kallo. Acca kuma mutumin ya zuba a tafin hannunsa yana murzawa. Na ce abinci ne. Ya ce na tsuntsu? Na ce na mutanen da suka fi shi lafiya. Allah ya so ni da Hausa na faɗa.

Anti Saratu tana jirana da wata ƙatuwar riga a hannu. "Rahila, you are welcome! Sa jacket ɗin nan, za ki yi freezing." Aikinta kula da tsofaffi ne, mijinta Uncle Dauda direban bas. 'Ya'yansu mata biyu suka ɗaga mini hannu daga kan kujera, ba durƙusawa ba komai, kuma Turancin nasu rabin kowace kalma haɗiyewa suke yi. Gidan yana da abin ɗumama ɗaki, amma da agogo yake aiki, awa ɗaya da safe, awa biyu da yamma. Sauran lokacin kowa ya san ta kansa. Ni da na tashi a Jos ina ganin na san sanyi, ashe ƙaninsa na sani. Namu yana tsayawa a fata. Nasu jiƙaƙƙe ne, cikin ƙashi yake shiga ya zauna. Na tambayi Anti su waye maƙwabtansu, ta ce shekararsu shida a gidan, sunan karen na dama kawai ta sani.

Muna cin tuwon semo da aka ɗumama a inji ta fara yi mini karatu.

"Ki saurare ni da kyau. In kin shiga wurin doctor, kalma ɗaya za ki riƙe, culture. Ki ce haka muke yi a gida. Mutanen nan in suka ji culture sai su ja da baya."

"To ai gaskiya ne, Anti. Haka muke yi."

"Shi ya sa na ce. Don in suka rubuta masa mental a file, ya bi shi ke nan. GP, likitan unguwa, zai gani, kowa zai gani. A church me zan ce wa mutane?"

"Ke kin je kin gan shi?"

"Sau ɗaya. Ina da shift, Rahila. Nan ba wanda yake da lokacin kansa."

Washegari Uncle Dauda ya sa ni a doguwar mota zuwa Birmingham, ya rubuta mini lambobin bas a takarda. Awa kusan uku, mota cike, babu wanda ya ce wa ɗan uwansa sannu. Na buɗe burodin da Anti ta ƙunsa mini, na yi wa matar kusa da ni bismillah, ta matsa jikin taga kamar wuƙa na nuna mata. A Birmingham na shiga bas ɗin asibiti. Da na hango ginin na ɗaga murya na ce, "Akwai!" Direba ko waiwaye. Na sake cewa, "Akwai mai sauka!" Sai na ji dariya a bayana, wata Hajiya da mayafi ta miƙa hannu ta danna wani jan maɓalli. Ta ce, "'Yar nan, yaushe kika zo?" Na ce jiya. Ta ce, "Na ga alama. Allah ya ba mai jiki lafiya." Bakanuwa ce, mijinta likita. Mun riga mun wuce, na dawo da ƙafa cikin ruwa.

Ɓangaren da aka ajiye Yaya sai an buɗe maka ƙofa daga ciki. Suka karɓe wayar cajina da almakashin da na manta a jaka. Yana zaune a bakin gado. Kun san shi, mutum mai ƙirji, mai dariyar da ake ji daga layi na biyu. Wanda na tarar wuyan rigarsa yana lilo. Ya gane ni, ya rungume ni.

"Auta. Ke suka turo?"

"Wa kake so a turo, gwamna?"

Ya yi murmushi. Ya tambaye ni jikin Mama, na gaya masa. Muka yi maganar hanya. Can ya sake tambayata jikin Mama kamar bai tambaya ba. Nas ta ce mini gubar gawayin da ya shaƙa ce, tana taɓa ƙwaƙwalwa, amma yana samun sauƙi. Ban tambaye shi komai game da ranar ba. A ganina babu abin tambaya.

Likitar mace ce, siririya, mai magana a hankali har sai da na ji kamar in girgiza ta. Ta ce Ishaku ya ce kuskure ne, amma ba ya son a daɗe a kan maganar, shi ya sa hankalinsu bai kwanta ba. Na ce ta ajiye biro ta ji. Na gaya mata a Jos in sanyi ya sauko, babu gidan da ba a shiga da kaskon wuta ɗaki. Mai jego da shi take jin ɗumi, tsoho da shi yake gasa ƙafa, ni kaina na yi barci kusa da shi sau ba adadi. Na ce uwarmu da gawayi ta raine mu. Na ce mutum ya zo ƙasar da ɗumi ma da agogo ake ba shi, ya yi abin da ya tashi ya ga ana yi, sai ku kulle shi da masu taɓin hankali? Har tebur na buga. Kalmar Anti ma na faɗe ta, sau uku.

Ta rubuta, ta rubuta. Ta ce bayanina ya taimaka ƙwarai, ba su san wannan ba. In komai ya tafi daidai, ranar Juma'a za su sallame shi a hannuna. Ranar Talata ce. Na fito ina jin kaina kamar lauya. Na kira Mama na ce ta fara share ɗakinsa.

Ɗakin Yaya a Sparkbrook yake, bayan Stratford Road. Unguwar ta fi kama da gida, shagunan atamfa da na nama, masallatai, mutane suna ciniki da ƙarfi. Gidan su biyar ne a ciki, kowa da ɗakinsa, madafa ɗaya. Wani ɗan Sudan mai suna Idris ya ba ni mukulli. Shi ne ya tsince shi. Ya ce da rana tsaka ne, ya je mayar masa da dutsen guga, ya buga ƙofa shiru, ga takalmansa a waje. Ya ce da ya ɓalla ƙofar bai ji warin komai ba, ko ɗigon hayaƙi babu.

A ɗakin na sauka, na bar taga a buɗe ina karkarwa a cikin riga uku. Na fara haɗa kayansa. Ban ga taye ba, ban ga takalmin ofis ba. Na ga baƙin ƙyallen ɗaurawa a ƙugu guda huɗu, wuƙaƙe biyu naɗe a tsumma, ƙunshin tsinken gora, da wani mafici na takarda. A tsakar gida kuma 'yan kwana-kwana sun ajiye abin da suka fitar daga ɗakin, wani farin akwati na ƙasa, tsawonsa kamu biyu, da raga a kansa. Kusa da shi ɗan buhu. Na buɗe. Gawayi ne, amma ban taɓa ganin irinsa ba, sirara kamar rake, fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Guda biyu suka bugi juna a hannuna, suka yi ƙara kamar ƙarfe.

Na ce wa Idris, "Yayana a ina yake aiki?"

Ya yi mamaki. Ya ce, "Gidan abincin Japanawa mana, can wajen Ladywood. Gashi yake yi. Tsohon da yake da wurin ma ya zo nan sau biyu yana tambaya."

Da safe na ɗaure akwatin da zane na ɗauka. Nauyinsa kamar bulo. A bas na ɗora shi a kujera, wani saurayi ya tsaya a kaina yana huci, na ce ya zauna a kai in yana so. Na sauka na yi ta yawo, sau biyu ina wuce wurin, don ƙofar 'yar ƙarama ce da wani shuɗin ƙyalle a rataye, ba allo mai fitila ba komai.

Ba su buɗe ba tukuna. Wani tsoho gajere mai furfura, da tawul ɗaure a goshi, yana tsaye yana soke nama. Ya ga akwatin kafin ya gan ni. Ya ajiye tsinke, ya wanke hannu, ya zagayo ya sunkuya mini har sai da na ji kunya, sa'an kakana yana sunkuya mini. Ya ce sunansa Hayashi. Ni Hayaƙi na ji, kuma Baba Hayaƙi na ci gaba da kiransa, bai san bambancin ba. Turancinsa a hankali yake, nawa na sakandare, muka fahimci juna.

Wurin bai fi shagona biyu ba. Dogon tebur ɗaya, kujeru goma sha biyu a jere, duk suna fuskantar mai gashi. A gabansa babban yayan akwatin da na ɗauko, siriri, dogo. Ya ce sunansa konro, da wata ƙasa mai riƙe zafi ake gina shi, faɗinsa daidai tsawon tsinke, don nama ya hau wuta, bakin tsinken ya tsira. Gawayin kuma binchotan. Ya ce sai an sha wahala kafin ya kama, amma in ya kama zai yi awoyi yana ci, ba harshen wuta, ba tartsatsi. In an tashi aiki ba a zuba masa ruwa, a wata tukunya mai murfi ake sa shi ya mutu da kansa, gobe a sake hura shi. Na tuna Mama da take yayyafa wa nata ruwa ta shanya. A saman kaskon wani ƙaton bututu yana zuƙe iska yana gurnani, ƙofar baya kuma a buɗe take duk da sanyin.

Ya ce in zauna. Na ce ba ci ya kawo ni ba. Ya ce in zauna.

Tsiren kaza ne, su yakitori suke cewa. Amma ba kamar namu ba da ake haɗa komai a turbuɗa a ƙuli. Su kowane sashe da tsinkensa, cinya daban, zuciya daban, ƙundu daban, fata an nannaɗe ta kamar igiya, har guringuntsi da bindin kaza da muke jefa wa kare. Wasu gishiri kawai yake barbaɗa musu daga sama. Wasu ya tsoma a wata tukunyar romo mai duhu, wadda ya ce tun da ya buɗe wurin ba a taɓa juye ta ba, ƙari kawai ake yi. Na ce a gidanmu wannan ƙazanta ake kiransa. Ya yi dariya a karo na farko. Yana juya tsinken da yatsu uku, ɗayan hannun yana fifita, ba ya ɗaga ido. Ya ajiye mini guda ɗaya tal a faranti. Ba yaji, ba albasa. Na ci don kada in yi rashin kunya. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban taɓa cin kaza irin wannan ba. Waje ya ƙone kaɗan, ciki ruwa ne zalla.

Ya ce, "Na Ishaku ya fi wannan."

Na daina tauna. Ya ce Yaya ya zo ne neman aikin wanke-wanke bayan ya gama karatu bai samu ofis ba. Ya yi shekara biyu yana suka kawai, bai taɓa wuta ba. Ranar da ya fara ba shi mafici, ya ce, sai ya tsaya yana kallonsa. "Fifita ba ni na koya masa ba. Da ita ya zo. Ya san inda wuta take so a taɓa ta."

Na ce, "Uwarmu ce."

Daga nan na juye masa abin da ke cikina. Na ce gawayinsa ne ya kusa kashe mana ɗan uwa. Namu na gida yana hayaƙi, yana sa ido ruwa, yana sa tari, dole ka tashi ka buɗe ƙofa, ga ɗakunanmu ma duk kafofi ne. Shi nasa munafuki ne, yana ci shiru kamar ba ya nan. Na ce Yaya ya ga ba hayaƙi ya ɗauka ba illa, kuma shi da ya ba shi akwatin ya kamata ya gaya masa.

Tsohon ya ajiye maficin. Ya nuna mini wani ɗan farin abu a bango mai ƙyafta koriyar fitila. Ya ce wannan ihu yake yi in iska ta ɓaci.

"Duk wanda ya zo aiki a nan, kafin in ba shi wuƙa, wannan nake fara koya masa. Gawayin nan ba ya gargaɗi. Shekara biyu ke nan ba ni nake koyarwa ba, Ishaku ne. Shi yake gwada abin nan kowace safiya. Shi yake yi mini faɗa in na tura ƙofar baya." Ya juyo ya dube ni. "Na ba shi ƙaramin ne don ya riƙa gwaji a tsakar gida. Ƙanwar Ishaku, yayanki ya fi ni sanin abin da gawayin nan yake yi a rufaffen ɗaki."

Na ce ƙarya yake yi, yana kare kansa ne. Bai musa ba. Ya sake sunkuyawa, ya daɗe a haka. Na bar masa sauran tsiren a faranti na fita. Na yi tafiya mai nisa a ƙafa ban san inda nake sa ta ba, sai da na gan ni a bakin wani kwalbatin ruwa mai faɗi, na zauna a kan benci jiƙaƙƙe.

Ranar Alhamis na koma asibiti. Yaya ya riga ya ninke kayansa a leda, ya yi aski. Na ja kujera na zauna a gabansa, gwiwa da gwiwa.

"Na je wurin Baba Hayaƙi."

Fuskarsa ta canza. "Wa ya aike ki?"

"Ƙafata. Yaya, ka dube ni. Da gangan ka yi?"

"Haba Auta."

"Ban zo daga Jos don ka ce mini haba ba. I ko a'a."

Ya ce ranar hutunsa ce, ana ruwa, ba damar fita tsakar gida, ɗakin kuma kamar firji. Ya ce ya kunna ne don ya ji ɗumi, ya gasa 'yar fata biyu. Ya san ya kamata ya buɗe taga. Ya ce wa kansa minti biyar.

"Wallahi ban kunna da niyyar komai ba. Amma da kaina ya fara sarawa na gane. Ni nake koya wa mutane alamun. Taga tana nan, kamar daga nan zuwa ƙofar can. Ina kallonta." Ya nuna ƙofar da hannu. "Sai na ji daɗi, Rahila. Na ji kamar an sauke mini kaya. Na ce bari in ɗan huta tukuna."

"Kayan me?"

"Shekara biyar ina yi wa Mama ƙarya."

"Don kana gasa kaza? Uwarka masara take gasawa!"

"Shi ya sa. Kin san abin da take cewa in tana tari da safe? Ta ce ba komai, ai ɗana ba zai tsaya a kan wuta ba. Ta yaya zan ce mata ina kan wuta, kuma ina so?"

Na so in mare shi. Na so in rungume shi. Ban yi ko ɗaya ba. Na ce, "In ka sake jin haka, za ka tashi?"

Ya dubi ƙasa. Na jira. Wata nas ta wuce da keken magani, ta dawo. Can ya ce, "Ban sani ba."

Sai ya kama hannuna da duka biyun. "Kada ki faɗa musu. Gobe za su sake ni. Mu tafi gida, in ga Mama, zan warke. Auta, don Allah. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Shi ya goya ni zuwa makaranta ranar da ƙusa ta soke ni. Amma ina zaune ina ganin gidanmu, buhunan gawayin Mama jingine a zaure, Mama a bakin titi daga safe, ni a shago, shi kaɗai a ɗaki, kuma duk unguwa an san kuskure ne, babu mai sa masa ido. Ni na gina masa wannan hanyar da bakina ranar Talata.

Na zare hannuna. Ya ce, "Rahila." Ban waiwaya ba.

Likitar tana cin abinci a ofis. Na ce mata abin da na faɗa game da Jos gaskiya ne, amma ba shi ne labarin yayana ba. Na maimaita mata maganarsa kalma da kalma, har da ban sani ba ɗin. Ta ture abincin gefe. Ta ce ta san ba abu ne mai sauƙi ba. Na ce ba yabo na zo nema ba, ta gaya mini me za su yi masa. Ta ce zai ƙara zama, za a fara masa magani da zaman tattaunawa, in ya fita ma akwai masu bibiyarsa. Na ce har yaushe. Ta ce ba ta sani ba. Kowa a ƙasar nan bai sani ba.

Da na koma ɗakinsa ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Na ce zan tafi. Na ce na bar masa acca wurin Idris. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa da sabon aski har nas ta taɓa kafaɗata.

Anti Saratu a waya ta fara, a Manchester ta ƙarasa. "Kin yi destroying ɗin yaron nan! Aiki ɗaya aka ba ki, ɗaya!" Na ce in mutanen church sun tambaye ta, ta ce yana da rai, in bai ishe su ba su zo su same ni. Uncle Dauda bai sa baki ba. Shi ya kai ni filin jirgi bayan kwana uku. Da zan sauka ya ce ranar hutunsa Laraba ce, zai riƙa zuwa Birmingham. Ya ce, "Ba sai antinki ta sani ba."

Mama ta zo tasha da sabon zane. Ta leƙa bayana, ta leƙa cikin motar. Ta ce, "Ina yake?" A nan tsaye na gaya mata duka, kazar, akwatin, tagar. Ta ce, "Na aike ki ki kawo shi." Kwana uku ba ta ci abincin da na dafa ba. A na huɗu ina wanki ta tsaya a kaina ta ce, "Inda yake, akwai mai kallonsa?" Na ce akwai, dare da rana. Ta ce, "To." Ita ce ma ta ce in rubuta muku, wai gara ku ji gaskiya da ku riƙa kai ɗanta kurkuku.

Shi kuwa ba ya ɗaga wayata. Kullum da safe kafin in buɗe shago ina tura masa saƙo, ba dogo ba, wani lokaci sannu kawai, wani lokaci zagi. Sati shida alamun nan biyu na waya suna zaune toka-toka a ƙasan kowane saƙo, wato bai buɗe ba. Shekaranjiya ina yanka yadin Maman Ladi na duba, sai na ga duk sun koma shuɗi, ya karanta tun daga na farko. Bai rubuta komai ba. Na ajiye almakashi na tura masa wani.